Yadda Ake Jan Ragamar Aiki Daga Inda Kake, Ko Ba a Kira Ka Mitin Ba

Duk wanda ya taɓa koyarwa a sakandaren gwamnati ya san irin wannan safiya. Masinja ya leƙo ɗakin malamai ya kira mutum biyar ko shida: mataimakan firinsifal, jami'in jarrabawa, shugabannin sassa. Su shige ofis, a turo ƙofa. Mu da muka rage mu ci gaba da duba littattafan yara, amma kunne yana can. Bayan awa biyu sai ga takarda an liƙa a allon sanarwa: an canja jadawali, an matso da gwajin tsakiyar zango, an raba aji kaza gida biyu. Nan da nan ɗaki ya kaure da guna-guni. "Mu da muke shiga ajin kullum, ko tambayarmu ba a yi ba."

Na daɗe ina cikin masu wannan ƙorafi, kuma har gobe ina ganin akwai gaskiya a cikinsa. Lissafi ne ya sauya mini tunani. Mai digiri yana kama aikin gwamnati a mataki na 8, mai NCE a mataki na 7, kuma a ƙa'ida sai ka shekara 3 aƙalla tsakanin ƙarin girma da ƙarin girma. Kafin mai digiri ya taka mataki na 14, inda ake soma kallonsa a matsayin babba, ya cinye kusan shekara 15, shi ma idan an yi masa komai a kan kari. A cikin waɗannan shekaru makarantar ta yaye ɗalibai sau 15. Idan na ce sai na samu kujera zan gyara abin da nake gani yana lalacewa, duk waɗannan yara sun wuce ta hannuna da ɓarakarsu. Hadisin da muka haddace tun muna ƙanana ya ce kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi a kan abin kiwonsa. Bai keɓe masu shiga ofis ba.

Zan yi misalai da makaranta domin ita na sani ciki da waje. Amma ma'aikaciyar jinya a asibitin sha-ka-tafi, da akawu a sakatariyar ƙaramar hukuma, da mai kula da sito a kamfani, duk za su ga wurin aikinsu a ciki.

Mataki na farko: gane inda ake yanke magana

Ɗauki zango guda kana lura, bakinka a rufe. Za ka ga tarurrukan wurin aikinku ba iri ɗaya ba ne. Akwai na sanarwa, inda ake karanto abin da aka riga aka gama. Akwai na cika ƙa'ida, domin a samu abin rubutawa a fayil idan masu duba makarantu sun zo. Waɗanda ake shiga da magana a buɗe, a fito da hukunci, su ne mafi ƙaranci.

Ko a waɗannan ɗin, sau da yawa an dafa maganar tun kafin a zauna. An dafa ta a teburin mataimakin firinsifal mai kula da karatu ranar da yake haɗa ajanda, ko a 'yar tafiyar nan daga masallaci zuwa ofis bayan azahar, ko a waya da daddare. Rubuta wa kanka amsar tambayoyi uku: wa ke haɗa ajanda, wace rana yake haɗa ta, kuma maganar wa shugaba yake saurare idan abu ya cakuɗe. Wani lokaci za ka tarar ba mai babban muƙami ba ne, tsohon akawun da ya ga firinsifal huɗu sun zo sun tafi ne.

Mataki na biyu: zaɓi yoyo ɗaya a ɗakinka

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuskuren da masu zafin nama suka fi yi shi ne su tashi gyara makaranta gaba ɗaya: rufin da iska ta yaye, ƙarancin malaman kimiyya, albashin da ba ya isa. Duk gaskiya ne, amma babu ɗaya da ke hannunka. Nemi matsala guda mai siffa uku: tana cikin hurumin aikinka, kana iya ƙirga ta, kuma za ka iya soma taɓa ta gobe ba tare da neman ko sisi daga kowa ba.

Ga wadda na fi so in ba da misali da ita, domin na ga hawayen da take jawowa. Tun shekarar 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kafin a yi rajistar jarrabawarta. Ɗalibi zai tura lambar nan mai alƙaluma 11 ta saƙon waya, a dawo masa da lambar da zai sayi fom da ita, kuma sunan da ke rumbun NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN, shi JAMB za ta ɗauka, harafi da harafi. To, a ajinmu fa? Yarinya a rajistar makaranta Aishatu ce, a takardar haihuwa Aisha, a NIN kuma A'isha da sunan kakanta a madadin na mahaifinta. Yaro ɗaya Muhammad ne a nan, Mohammed a can. Wani an rubuta masa watan haihuwa daban. Wasu ma ba su da lambar kwata-kwata. Babu mai lura sai an shiga SS3, an tura sunaye WAEC da NECO, an buɗe rajistar JAMB, sannan uba ya zo a rikice yana tambayar abin yi. Gyaran suna a NIMC yana cin kuɗi, yana cin lokaci. Yaro ya samu kiredit 5 har da Turanci da Lissafi, amma ya tsaya cak a wajen tantancewar jami'a saboda takardunsa ba su yarda da juna ba.

Fom masta na SS2 ba ya bukatar izinin kowa ya hana wannan. Ya ware minti 10 bayan kiran suna, kwana biyar a jere. Ya ce kowa ya kawo takardar NIN ɗinsa da takardar haihuwa da sakamakon jarrabawar JSS3. Ya ja layi huɗu a bayan littafi: suna a rajista, suna a NIN, ranar haihuwa a kowanne, abin da ya saɓa. Wanda bai kai shekara 16 ba kuma ba shi da lamba, a aika wa iyayensa cewa sai an je da uba ko uwa ko mariƙi mai lambar. Cikin mako guda kana riƙe da abin da babu wanda ya mallake shi a duk makarantar, har da waɗanda ke bayan rufaffiyar ƙofa.

Ka lura ban ce ka shiga ajin wani ka yi masa ba. Wannan shiga sharo ba shanu ne, kuma zai ɓata aikin tun bai tsaya da ƙafarsa ba. Gama naka tukuna.

Mataki na uku: mayar da shi takarda shafi ɗaya

Shugabanni suna jin koke daga safe har yamma, kuma koke yana bin iska. Takarda ita ke zama a kan tebur. Kada ta wuce shafi ɗaya, kada ka cika ta da gaisuwa da dogon tarihi. Abu huɗu take bukata: abin da ka gani, yawansa, abin da zai faru idan aka bari, da abin da kake roƙo a yi.

A ce ajinka mutum 64 ne. Sai ka rubuta kamar haka: "A SS2B, cikin ɗalibai 64, guda 11 ba su da NIN, guda 17 kuma sunansu ko ranar haihuwarsu ta saɓa da rajistar makaranta. Idan aka tura sunayensu WAEC a haka, za su samu matsala wajen shiga jami'a. Na sanar da iyayen duka, 9 sun soma gyara. Ina ba da shawarar sauran azuzuwan SS2 su yi irin wannan dubawa kafin ƙarshen zango na biyu. Ba ya bukatar kuɗi. Na haɗa da samfurin jadawalin da na yi amfani da shi." Ka sa kwanan wata, ka sa hannu, ka ajiye kwafi.

Kada sunan kowa ya fito a matsayin mai laifi. Da zarar takarda ta nuna yatsa ga jami'in jarrabawa ko wanda ya riƙe ajin bara, ta tashi daga shawara ta koma ƙara, kuma duk wanda ta shafa zai kashe ƙarfinsa wajen kare kai. Sannan ka kawo mafita mai sauƙin amincewa. Shawarar da ke bukatar a rubuta wa ma'aikatar ilimi tana iya kwana shekara a fayil. Wadda firinsifal zai ce "a yi" a gama, ita ke tafiya.

Mataki na huɗu: nemi wanda zai shiga da ita

Na san abin da wani zai ce a nan: ai zuwa da kai ya fi aike. Haka ne, idan ƙofa a buɗe take gare ka. Idan kuwa ba a kira ka ba, aike mai kyau ya fi zaman jira. Kuma akwai abin da aike ya fi zuwa da kai: maganar da babba ya ɗauka ya faɗa da bakinsa ta riga ta samu mai kare ta a cikin ɗakin.

Fara da wanda ke samanka kai tsaye, wato shugaban sashenka ko mataimakin firinsifal da aikin ya shafa. Kada ka tsallake shi ka kai wa firinsifal, ko da kuna gari ɗaya, ko da kuna sahu ɗaya a masallaci. Wanda aka tsallake ba ya mantawa, kuma shi ne zai aiwatar da abin idan an amince. In ya ji shi a bakin shugaba kafin ya ji a bakinka, ka yi wa shawararka zagon ƙasa da hannunka.

Lokaci ma rabin aikin ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka tare shi a baranda yana rungume da fayil zai shiga mitin. Same shi kwana biyu ko uku kafin nan, lokacin da ofis ya lafa. Ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka ce: "Ranka ya daɗe, akwai ɗan abin da na lura da shi a ajina, na rubuta shi a taƙaice. Na ce in kawo maka ka duba, ko kana ganin ya isa a ambata a zaman jibi." Idan mace ce, "Hajiya, ranki ya daɗe," haka dai. Sai ka yi shiru ya karanta. Idan ya gyara wani abu, karɓi gyaran da hannu biyu matuƙar bai taɓa gaskiyar alƙaluman ba. Mutum yana kare abin da ya sa wa hannu fiye da abin da aka miƙo masa a gama.

Kafin ka fita, tambaye shi: "Wace tambaya kake ganin za a yi maka a ciki?" Duk abin da ya ambata, ka kawo masa amsarsa kafin ranar. Aikinka shi ne kada ya ji kunya a gaban na sama da shi saboda takardarka.

Mataki na biyar: ka bar sunan ya tafi

Wannan shi ya fi ciwo, ba zan ɓoye ba. Wata rana za a tsaya a asambuli a yaba wa mataimakin firinsifal a kan hangen nesansa, kai kana tsaye a bayan layin ajinka. Na taɓa tsayawa a wannan wuri, kuma na koma gida raina a jagule. Abin da ya sanyaya mini zuciya shi ne ganin yaran sun yi rajista babu wanda aka dawo da shi. Bayan haka kuma na lura da wani abu: mutumin nan ya san daga inda takardar ta fito. Da wata matsala ta taso, shi ya aiko a kira ni kafin ya haɗa ajanda.

Amma haƙuri ba ya nufin ka bar haƙƙinka ya salwanta. Shi ya sa na ce ka ajiye kwafi mai kwanan wata. Idan lokacin cika fom ɗin auna ƙwazo na shekara ya zo, rubuta abin da ka yi dalla-dalla, ba ƙari ba ragi. Idan kuma ka haɗu da wanda ya mayar da cinye guminka sana'a, har yana ɓata ka a bayan ido, to takarda ta gaba ka rubuta ta zuwa ga firinsifal, ta hannunsa, kamar yadda tsarin aikin gwamnati ya tanada. Ka bi ƙa'ida, sunanka kuma yana kan takardar.

Mataki na shida: washegarin mitin

Yawancin hukunce-hukuncen da ake yankewa a ofis a nan suke mutuwa, domin kowa ya fito yana zaton wani zai yi. Wannan gurbi a buɗe yake, babu mai gadinsa. Da safe je ka tambayi abu uku: me aka tsayar, wa aka ɗora wa, yaushe ake so a gama. Idan an amince, kai za ka fara. Buga jadawalin, ko ka zana shi da hannu, ka kai wa sauran fom mastoci ɗaya bayan ɗaya, kana cewa "ga abin da na gwada a ajina, ko zai rage maka aiki." Kada ka ce "an ce ku yi." Ba kai ne shugabansu ba, kuma sun sani.

Bayan mako biyu ka mayar da rahoto cikin layi uku: azuzuwa nawa suka gama, yara nawa suka rage, me ya tsaya. Ko ba a nema ba, ka kai.

Idan kuma an ƙi shawarar? Tambayi dalili cikin ladabi, domin wani lokaci akwai abin da suka sani wanda kai ba ka sani ba, kamar wata takardar umarni daga ma'aikata. Ci gaba da yi a ajinka, tunda wannan huruminka ne. Zango mai zuwa ka sake kawo ta da sabon sakamako.

Mataki na bakwai: koya wa wani

Mutum ɗaya ana iya yi masa canjin wurin aiki da takarda guda, komai ya rushe. Don haka tun da wuri ka jawo mutum biyu ko uku: sabon malamin da aka turo, ɗan bautar ƙasa mai himma, malamar da ke riƙe da ajin 'yan mata. Nuna musu yadda kake yi, ka bar su su yi da kansu, ka bar su su kai rahoto da sunansu.

A tarihinmu akwai wadda ta yi wannan a mafi kyawun siffa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ba waziri ba ce, ba alƙali ba ce, ba ta ja runduna ba. Matsalar da ta zaɓa ita ce matan karkara da ba su da hanyar zuwa wajen malamai. Ta tsara karatu cikin waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, yadda za a haddace a tafi da shi a ka. Ta zaɓi dattijan mata amintattu, ta naɗa kowacce jaji, wato jagora, ta ba ta malfa alamar izini, su kuma suka riƙa jagorantar ayarin mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su koma su karantar da na gida. Wannan tsari da ake kira 'Yan Taru bai mutu da mutuwarta ba, domin tun tana raye ya riga ya koma hannun wasu. Idan aka ɗauke ka daga makarantarku gobe, wa zai ja layi huɗun nan a bayan littafi? In babu amsa, da sauran aiki.

Mataki na takwas: tsare bakinka

Duk abin da ka gina, hira ɗaya a ɗakin malamai tana iya rusa shi. Maganar da ka yi a kan firinsifal da ƙarfe goma, kafin tashi ta isa kunnensa, an ƙara mata gishiri. Zauren WhatsApp na ma'aikata ya fi haɗari, domin rubutu ba ya gogewa, ana ɗaukar hotonsa a tura. Idan kana da saɓani da hukuncin da aka yanke, faɗa wa wanda ya yanke shi, ku biyu. Haka nan kada ka zama mai kai rahoton abokan aiki domin neman shiga. Ranar da suka gane, babu mai sake karɓar jadawali daga hannunka.

Mataki na tara: mitin ɗin da dole ka nemi shiga

Duk abin da na faɗa ba ya nufin ka haƙura da kowane zama. Akwai guda uku da aike ba ya wadatarwa. Na ɗaya, idan za a tattauna laifi ko ladabtarwa da ta shafe ka, ko ta shafi ɗalibin da ke hannunka, domin ba a yi wa mutum aski a bayansa. Na biyu, idan za a yanke hukunci a kan aikin da kai kaɗai ka san cikinsa, kuma ka ga wanda zai wakilce ka bai kama zaren ba. Na uku, kuma mafi girma, idan akwai haɗari ga lafiya ko mutuncin yaro: bangon aji da ya tsage ana shirin shiga damina, rijiya ba murfi, babban mutum da ke keɓewa da ɗaliba. A irin wannan ba a jiran ranar ajanda, ba a kuma tsayawa ga mutum ɗaya idan ya yi shiru. Ka faɗa da baki yau, ka bi shi da rubutu, idan ba a motsa ba ka kai gaba, har ga kwamitin kula da makaranta ko ofishin ilimi na shiyya.

Idan za ka nemi shiga, kada ka nemi kujera ta dindindin. Nemi minti biyar a kan batu ɗaya. "Yallaɓai, idan an zo kan maganar rajistar SS2, ina roƙon a ba ni minti biyar in yi bayani da kaina, sai in koma aji." Da wuya shugaba ya ƙi wannan, domin ya san iyakarsa. Ka zo da kwafin takardarka daidai yawan mutanen da ke ciki. Ka gaishe su, ka fara da alƙaluma, ka faɗi abin da kake roƙo a jimla ɗaya, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai. Abin da ba ka da tabbas a kansa ka ce za ka duba ka kawo amsa gobe, kuma goben ka kawo. Da an wuce batunka, tattara takardunka, yi godiya, ka fita ka ja musu ƙofa, ko da hirar ta yi daɗi, ko da babu wanda ya ce ka tashi. Yaranka suna can suna jiran darasi na gaba.